Inda Suna Bai Zama Dole Ba

Falmata, Modu, Usman, da ke Auta, ku na rubuta wa wannan babi. Na san abin da kuke ji a gidan baffanku Mustafa duk lokacin da aka taru suna ko biki, ana faɗa ana sassauta murya in kun shigo: wai ubanku ya zaɓi bare a kan dangi a shekarar da gari ya kama da wuta. Ban taɓa tanka wa kowa ba, domin wanda ya fi cancanta ya ji amsata yana raye a lokacin, kuma ba a jayayya da uba a gaban jama'a. Yanzu Baba ya kwanta dama, Inna ta bi shi, ni kuma ido ya fara raunana. Gara in ajiye muku zancen yadda ya faru, ku ɗauki abin da za ku ɗauka.

Kakanku Alhaji Modu daga Barno ya zo Kano yana saurayi, ya zauna a Kwaciri cikin Fagge, ya kama sana'ar atamfa da shadda har ya tsayu da ƙafarsa. Yaya Mustafa ya bi sawunsa tun yana ƙarami. Ni kuwa hannuna bai taɓa sabawa da yadi ba, kwamfuta ce ta ja ni. Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, farar hula sun karɓi mulki, duk bangon da ka duba hoton ɗan siyasa ne, duk majalisar da ka zauna ana lissafin alherin da ke tafe. A cikin wannan yanayi shagunan intanet suka fara ɓullowa a Sabon Gari, ɗaya nan ɗaya can, kowanne da janaretansa yana ƙugi a bakin ƙofa. Wanda na yi aiki a cikinsa yana bayan kasuwa, na wani mutum ne mai suna Obinna. Haifaffen Sabon Gari ne, ubansa kafinta ne da ya zo daga kudu maso gabas, shi kuwa yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ya girme ni da 'yan shekaru. Na shiga ne a matsayin mai kula da masu zuwa aika saƙo, amma da ya ga idona kullum yana kan allonsa, sai ya jawo mini kujera kusa da tasa. Shi ya koya mini rubuta shafin intanet da harshen PHP, irin shafin da ke ɗebo bayani daga rumbu ya nuna wa mutum.

Saboda Auta da ba ta bi wannan hanya ba, bari in ɗan fayyace. Rumbun bayanai tebur-tebur ne. Layin da ya kwanta mutum ɗaya ne ko kaya ɗaya. Layin da ya sauko daga sama zuwa ƙasa shi muke kira kolom, kowanne da sunansa a kansa: suna, shekaru, unguwa, da sauransu. Ka yi wa rumbun tambaya, ya dawo maka da amsa. Abin da yawancin masu koyo ba su lura da shi ba shi ne, amsar nan ba bayanan mutane kaɗai take ɗauke da su ba. In ka tambaye ta, za ta gaya maka kolom nawa ne a cikinta, mene ne sunan kowanne, rubutu yake ɗauka ko lamba ko kwanan wata, kuma dole ne a cike shi ko an yarda a bar shi fanko. Wata rana na rubuta wa 'yan kayan gyaran mota shafi, na jera sunayen kolom da ka, ashe na juya biyu, farashi ya fito a gurbin lambar kaya. Obinna ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce:

"Bukar, kada ka yi wa tebur shaidar zur. Ba kai ka gina shi ba, ta yaya za ka ce ka san cikinsa? Tambayi amsar tukuna. Ita za ta faɗa maka sunayen kolom ɗinta, sannan ka jera."

Tun daga ranar ya zame mini ɗabi'a. Duk teburin da aka kawo, kafin in dubi ko layi ɗaya, sai na fara tambayar kolom.

Ba zan tsaya kan abin da ya tayar da rikicin ba. Kowane ɓangare yana da labarinsa, kuma ban ga wanda labarinsa ya dawo masa da mamaci ba. Abin da na sani shi ne, da safen nan ban fita da wuri ba domin ke Falmata kin kwana da zazzaɓi, kina goye a lokacin. Obinna ya hau babur ya shiga cikin birni gyara wa wani kwastoma na'ura. Kawu Goni, ƙanen Inna, wanda ke sayar da huluna a Kasuwar Sabon Gari, shi ma ya fita buɗe rumfa kamar kullum. Kafin hantsi ya gama ɗagawa hayaƙi ya turnuƙe ta fuskoki da yawa. Titin da ya raba Fagge da Sabon Gari, wanda nake tsallakawa ina cin gyaɗa, ya koma iyakar ƙasa. Can sun gicciye hanya da tayoyi da ƙarafa, nan ma an gicciye. An kashe mutane a can, an kashe a nan. Da sojoji suka fito aka sa dokar hana fita, gari ya yi tsit, irin shirun da ba ya kwantar da hankali. Kawu Goni bai dawo ba.

Gidanmu a kwanakin nan ban taɓa ganinsa haka ba. Inna ta shimfiɗa tabarma a soron ciki, inda take iya jin ƙarar ƙofar waje, ko an kai mata abinci sai dai a ɗauke shi yadda aka ajiye. Baba yana zaure da carbi da rediyo, in labarai suka ƙare ya murɗa wata tasha. Yaya Mustafa yana fita da samarin unguwa gadin lungu, ya dawo ido jajir, ba ya iya zama wuri ɗaya. Da aka sassauta doka da rana, shi da Baba suka taka asibitoci da ofisoshin 'yan sanda, ko'ina a ce musu su dawo. Mahaifiyarku Amina ce ke riƙe da girki da jinya da rarrashi, ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

Ana cikin haka wani dattijo mahauci da ya saba kai nama Sabon Gari ya yi sallama da ni a ƙofar gida. Saƙo ne daga matar Obinna, wadda ake kira Mama Nkechi da sunan 'yarsu ta fari, ni kuma nake ce mata Madam. Ta ce a gaya mini Oga bai dawo ba. Ta ce mutanen da suka fake a bariki da coci-coci da masallatai da ƙananan asibitoci, masu aikin sa-kai sun buga sunayensu a kwamfuta, ana ta kawo faifan flofi shagon domin an san a nan ne ake da intanet, amma babu mai haɗa su. Dangi daga garuruwa masu nisa suna ta neman labari. Ta ce in zo.

Bayan sallar azahar na durƙusa gaban Baba a zaure. Yaya Mustafa yana tsaye jikin bango.

"Baba, ina neman izini in tsallaka."

"Ka tsallaka ina?"

"Shago. An tara sunayen waɗanda suka tsira, babu mai haɗawa. Mai yiwuwa ko Kawu ma ta nan a same shi."

Yaya Mustafa bai bari Baba ya amsa ba.

"Na'ura ce za ta nemo shi, mu da muka taka asibitoci da ƙafa ba mu gan shi ba? Baba, ya faɗi gaskiya. Matar ogansa ce ta aiko, shi ya sa jikinsa yake rawa."

Baba ya kashe rediyon.

"Bukar, ban hana ka boko ba. Ban hana ka aiki da su ba, duk da surutun mutane. Surukina Goni ya tafi can bai dawo ba, yanzu kana so in miƙa musu na biyu da hannuna. Yau na hana ka. In ka tsallaka titin nan, to ka zauna can."

Baba ba ya maimaita magana, kuma ba ya janye ta. Na shiga ɗaki na zauna bakin gado, ban san abin da zan yi ba. Sai na ga inuwa a bakin ƙofa. Inna ce, wadda ta yi kwanaki ba ta bar tabarmar nan ba sai don salla. Ba ta shigo ba, ba ta kuma dube ni ba. Ta ce:

"Goni laƙabi ne. Sunansa na yanka Muhammadu, ubanmu Kyari. In za ka duba, da wannan za ka duba."

Ta juya ta koma. Na sa riga biyu a leda. Mahaifiyarku ta riƙe mini ƙofa, ta ce Allah ya tsare, hawaye na zuba a kan goshinki Falmata.

Na tsallaka hannu a sama, ina wuce sojoji ɗaya bayan ɗaya. A shingen Sabon Gari samari suka tare ni, wasunsu na san su, na sha buga musu saƙo, amma ranar kamar ba su taɓa ganina ba. Madam ce ta ratso su da zani ɗaure a ƙugu, ta kama hannun rigata ta ce musu ɗan gidansu ne ni, duk wanda ya taɓa ni ya taɓa Obinna. Haka ta ja ni har shago.

Faya-fayan suna jibge a kwali, kowanne da takarda manne an rubuta inda ya fito. Da na fara buɗewa sai na ga babu biyu da suka yi kama. Na bariki suna da unguwa kawai. Na wani coci har da sunan uba da garin asali. Na asibiti yana da ɗaki da lambar gado. Na wani masallaci ya ƙara da sana'a. In na ce zan rubuta wa kowanne shafinsa, sai in yi wata ban gama ba, kuma gobe za a kawo wani daban. Sai na rubuta shafi guda da bai san komai game da kowane tebur ba. Mutum ya buga suna a akwati, shafin ya bi tebur-tebur yana tambaya, duk amsar da ta dawo ya fara tambayarta kolom ɗinta, ya jera sunayensu a sama, sannan ya zuba abin da aka samu a ƙarƙashi. Ko wane irin faifai aka kawo, zuba shi kawai zan yi, ya shiga sahu.

Labari ya bazu. Kullum da an ɗage doka layi yake kamawa daga ƙofar shago har kwana. Da farko mutanen Sabon Gari ne, daga baya matan Fagge da na cikin birni suka fara zuwa da mayafansu, ana rako su. Saƙonni suna shigowa daga Aba da Anacha da Maiduguri, wani ya ga ƙanensa a bariki, wata ta ga mijinta a gadon asibiti. Wata tsohuwa daga Kwaciri da na karanta mata cewa ɗanta yana raye, karaya ce kawai a cinya, ta rangaɗa guɗa a tsakiyar Sabon Gari, matan da ke bayanta a layi, waɗanda ko Hausa ba su cika ji ba, suka rungume ta. A shagon nake kwana, a kan kwali. Madam tana zaune a benci kusa da ƙofa tana ɓarar agushi don hannunta ya sami abin yi. Duk faifan da aka kawo, sunaye biyu nake fara bugawa. Ba Kawu, ba Obinna.

Wata rana da hantsi wata mata ta ratso layi, da mayafi har ƙasa amma takalmin ma'aikatan jinya ne a ƙafarta. Ta ajiye faifai a gabana, babu takarda a jikinsa.

"An ce kai ne mai haɗa sunaye. Ga wannan. Ba ni na kawo ba."

Kafin in ɗaga kai ta fice. Na zuba shi a rumbu, na yi abin da na saba, na tambayi kolom. Suka fito a jere da gajeren Turanci. Na farko lamba ce, kuma dole a cike ta. Na biyu suna, an yarda a bar shi fanko. A nan idona ya tsaya. Duk teburin da na taɓa a kwanakin nan, komai ɓarnar wanda ya tsara shi, suna dole ne, domin don suna aka yi shi. Wane wuri ne ake karɓar mutum, lambarsa ta zama dole, sunansa bai zama ba? Na ci gaba da karantawa. Jinsi. Kimanin shekaru. Inda aka ɗauko. Alamun jiki da abin da aka samu a aljihu, wannan dogon rubutu ne. Babu ɗaki, babu gado, babu magani, babu ranar sallama. Na ƙarshe kwanan wata ne, sunansa ranar binnewa. Ban ga layin mutum ko ɗaya ba tukuna, amma na riga na gane. Faifan ɗakin ajiye gawa ne.

Yadda na gina shafin, maɓalli ɗaya zan danna teburin nan ya shiga cikin sauran. Na tuna wanda ke zaune a shagon intanet a Aba ko Maiduguri, shi kaɗai, baƙi a hagu da dama, ya buga sunan ɗan'uwansa ya ga ranar binnewa a allo, lokacinsa ya ƙare a ce ya tashi wani ya zauna. Na kuma tuna in na ɓoye faifan, mutane za su yi ta zarya suna neman waɗanda ƙasa ta riga ta rufe. Sai na ƙara wa shafin sharaɗi guda: duk amsar da aka ga kolom ɗin binnewa a cikinta, kada ya nuna komai, ya rubuta kawai cewa akwai bayani, a turo babba shago ko a aiko da saƙo. Na san wannan ma rabin sanarwa ne, amma rabin da ya rage bakin mutum ne zai ƙarasa shi.

Sannan na duba. Ku riƙe wannan da kyau, domin a kansa ake ƙarya: sunan Kawu na fara bugawa. Muhammadu Kyari. Ya fito nan take. Katin 'yan kasuwa da ke aljihunsa ne ya ba su sunan. Ranar binnewa a cike take. Na yi salati a zuci kawai, domin ga layin mutane suna kallona. Na buga Obinna, babu. Sai na shiga bin marasa suna ɗaya bayan ɗaya, kuma sun fi masu suna yawa. Can ƙasa na iske wani: namiji, kimanin shekara arba'in, an ɗauko shi kusa da ɗaya daga ƙofofin birni, ƙaramin yatsan hannun hagu guntu ne, tsohon rauni, da ƙaramin sukundireba a aljihun riga. Obinna tun yana yaro zarton ubansa ya cire masa kan wannan yatsa.

Niyyata in tashi in nufi gida. Amma da na juyo, Madam tana tsaye a bayana, tsakaninmu bai fi kamu ɗaya ba, ta ajiye tiren agushi.

"Bukar, mene ne? Fuskarka ta canja."

Na roƙi mutane su ɗan fita, na turo ƙofa. Na gaya mata irin faifan da aka kawo, na karanta mata layin a hankali.

"Ina sunansa?"

"Babu suna, Madam."

"To ba shi ba ne."

"Madam, yatsan…"

"Kafintoci nawa ne a Kano? Makanikai nawa suka rasa yatsa? Nuna mini inda aka rubuta Obinna."

"Ba a rubuta ba."

"Ina gawar? Kai ni in gani da idona."

"An binne su. Tare, da yawa."

Ta dube ni, duban da har yau in na rufe ido ina gani.

"Mutanenka sun kashe shi, kai kuma ka zo ka binne shi da na'urar da ya koya maka."

Sai ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, ba kuka ba motsi, tana kallon bango. 'Ya'yanta ƙanana suna gida. Ban ga yadda zan tsallake ta in fita ba. Na aika a kira matan cocinsu, aka daɗe kafin a haɗo su, domin kowacce tana fama da nata. Da suka zo suka ɗaga ta, na rufe shago na nufi titi da gudu, amma lokacin doka ya riga ya shiga. Soja ya nuna mini bakin bindiga ya ce in koma. Na ce rasuwa zan kai gida. Ya ce kowa rasuwa yake kaiwa. Na koma na kwana da labarin Kawu a ƙirjina. Abin da ban sani ba, wani daga Fagge da ke cikin layi ya ji ta bayan ƙofa, ya tsallaka tun da rana, ya baza cewa Bukar ya sami sunayen matattu, ya rufe ƙofa da matar ogansa ya gaya mata.

Da safe na tsaya a ƙofar gidan da aka haife ni na yi sallama kamar baƙo. Baba ya fito, Yaya Mustafa na biye.

"Baba, Kawu ya rasu. An riga an binne shi."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ka tabbata?"

"Da sunansa, da katinsa na kasuwa."

Yaya Mustafa ya matso.

"Yaushe ka sani?"

"Jiya da hantsi."

"Jiya da hantsi! Uwarka ta kwana tana sauraren ƙofa, kai kana can kana rarrashin matar wani!"

Baba ya ɗaga masa hannu. Na jira ya ce in shigo. Ya gyara hularsa ya ce:

"Ni zan gaya mata."

Ya shiga, aka mayar da ƙofa. Ina tsaye a lungu na ji muryar Inna ta tashi, sau ɗaya, doguwa, sannan ta karye. An yi wa Kawu sallar ga'ib, na tsaya a sahun baya. A zaman makoki na zauna a gefen tabarma tare da maƙwabta, ina amsa gaisuwar da ba ni ake yi wa ba. Kafin lokacin doka na tashi na tsallaka.

Washegari Madam ta aiko mini da abinci kamar yadda ta saba, ba ta kuma ƙara ambatar abin da ta faɗa ba. Aikin da ya biyo baya shi ne mafi nauyin da na taɓa yi. Na roƙi wani fasto da wani dattijon limami su riƙa zama da ni, duk wanda shafi ya turo, a shigo da shi, a zaunar da shi, in karanta, su kuma su yi abin da suka iya. Wani ya saurara har ƙarshe ya fashe da dariya, sai da aka riƙe shi. Wata ta ce in buga mata layin mijinta a takarda, ta ninke ta sa a ƙirji, ta ce wannan ne kaɗai kabarin da za ta iya kai wa uwarsa. Wasu samari suka ce Bahaushen nan ɓoye yawan gawawwaki yake yi, suka fasa mini taga da dutse. A Fagge kuma ana cewa na zama yaron Inyamurai. Mutanen da a baya suke yi mini murmushi a hanya suka koma kauce mini, domin ganina ya zama kamar ganin mai ɗauke da makara.

Madam ba ta yarda ba. Da hanya ta buɗe ta tattara 'ya'yanta ta koma garinsu. A tasha ta ce mini in bar shafin a buɗe, wai in ya dawo can zai fara dubawa. Na bar shi shekaru, har sai da kamfanin da ke ɗauke da shi a intanet ya rufe harkarsa.

Mahaifiyarku ta biyo ni ɗakin hayar da na kama a gefen Fagge, da ke Falmata a baya da tukwanenta a kai, ba wanda ya ce ta yi haka. A can aka haife ka Modu. Sunan Baba na sa maka, bai zo suna ba. Sai da Inna ta kwanta wani rashin lafiya mai tsanani ya aiko a ce mini uwata tana nemana. Na shiga, na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi iyali. Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Inna ce, da ta sami sauƙi, ta ce mini da ban je ba, da har yanzu tana sauraren ƙofa. Ita ce kuma ta gaya mini abin da ban sani ba: da safen nan Kawu ya so ya zauna gida saboda raɗe-raɗin da ya ji, Yaya Mustafa ne ya ce masa gari lafiya lau, ya je ya buɗe rumfarsa. Na faɗa muku wannan don ku gane nauyin da baffanku ke ɗauke da shi. Duk wanda ya mayar masa da shi gori a cikinku, ban yafe ba.

Bara waya ta shigo mini da lambar da ban sani ba. Nkechi ce, yanzu uwar 'ya'ya, Hausarta ta yi tsatsa amma tana nan. Ta ce Madam ta rasu. Ta ce duk tsawon shekarun nan ba ta yarda an yi wa ubansu jana'iza ba, ba ta sa baƙin kaya ba, kuma in babur ya tsaya a ƙofar gida sai ta leƙa. Yanzu dattawansu sun ce za a iya haɗa su a yi musu jana'iza rana ɗaya, amma sai an sami mai shaida.

"Ankul Bukar, kai kaɗai ka gani. Shi ne?"

Na ce, "Nkechi, suna ban gani ba, ba zan ce miki na gani ba. Amma na daɗe ina zaune kusa da mutumin nan. Shi ne."

Ta ce za su haƙa kabari biyu, ta roƙe ni abu ɗaya.

Modu, ka tuna ranar da na ce ka kai ni bayan gari, na sa ka tsaya nesa, ka ga na durƙusa a wajen shinge ina cika gwangwani da ƙasa, ka tambaye ni ban amsa ba? Wurin da aka binne su ne. Ban taɓa kabari ba, daga bakin hanya na ɗiba. Na yi wa Kawu addu'a, na tsaya wa Obinna shiru gwargwadon yadda ƙafata ta iya. Washegari na kai gwangwanin tashar manyan motoci a Sabon Gari, na naɗe shi da sabon yadi fari. Direban ya ɗaga shi, ya ji nauyi, ya ce:

"Alhaji, me ke ciki?"

"Ƙasa ce."

"Ƙasa? Babu ƙasa a can ne?"

Na ce, "Mutum ne yake komawa gida."

Ya dube ni, ya dubi gwangwanin. Ya riga ya buɗe but ɗin kaya, sai ya mayar ya rufe, ya zagaya ya ajiye shi a gaba, kusa da kujerarsa.